Kundin aikina kan mazauna hancin yara masu ciwon haƙarƙari

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Takardar izinin kwamitin ɗa'a ta fito ranar Juma'a, don haka yau aka fara aiki gadan-gadan. Malama, mai kula da bincikena, ce ta ce in buɗe wannan kundi, ban da littafin ɗakin gwaji da take sa wa hannu duk Alhamis. Wancan na ma'auni ne da lissafi. Wannan kuwa na shawarwarin da muka yanke ne da dalilansu, saboda ɗalibin da zai gaji aikin bayana.

Ga abin da muke nema. A can ƙuryar hanci, inda ya haɗu da maƙogwaro, akwai bakteriya iri-iri da ke zaune a jikin kowane yaro, mai lafiya da marar lafiya. Cikinsu har da Streptococcus pneumoniae da Haemophilus influenzae da Moraxella catarrhalis, waɗanda kan gangara huhu ko kunne su yi ɓarna. Yara da yawa na ɗauke da su ba ko tari. To me ya sa wani ke kwanciya, wani kuma yana ta wasansa? Binciken da aka yi a Holan da Ostareliya da Botsuwana ya nuna cewa yaran da Corynebacterium da Dolosigranulum suka fi yawa a hancinsu sun fi samun sauƙin cututtukan numfashi. Muna son mu ga ko haka abin yake a Kano, inda akwai ƙurar hunturu da hayaƙin itace da cunkoson ɗaki.

Za mu ɗauki samfuri daga hancin yara 80 masu ciwon haƙarƙari (nimoniya), 'yan wata 2 zuwa 23, da wasu 80 masu lafiya da aka kawo rigakafi. Alƙaluman UNICEF na 2018 sun ce wannan ciwo ya kashe yara 162,000 a Najeriya a shekarar, fiye da kowace ƙasa a duniya. Na rubuta adadin a bangon littafina.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Mun haɗa STGG, ruwan da ake ajiye samfurin hanci a ciki: garin madara marar maiƙo giram 2, tiriftun giram 3, gulukos rabin giram, gilisarin mililita 10, a ruwa mililita 100. Aka dafa a otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, minti 10, muka rarraba mililita ɗaya-ɗaya a ƙananan kwalabe.

Muhawarar yau a kan jini aka yi ta. Ɗakunan gwaji da yawa a nan da jinin mutum da ya tsufa a ma'ajiya suke haɗa farantin shuka bakteriya, saboda shi ne a kusa. Malama ta ce atafau. Jinin mutum na iya zuwa da maganin da mai shi ya sha ko garkuwar jikinsa, sai ƙwayar ta ƙi tsirowa ko ta fito a wata kama. Jinin tunkiya take so. Baba, wanda ya fi kowa daɗewa a ɗakin gwajin, ya ce shi zai nemo kuma zai kula da ita a bayan sashe.

Kuɗi: tunkiya ₦85,000, dusa da harawa na wata guda ₦18,000, tsinken ɗaukar samfuri kwali biyu ₦310,000. Tsinken ne ya cinye kuɗin, domin da dala ake sayensa.

Talata, 12 ga Nuwamba

Samfurin farko ya faɗo a ranar yaƙi da ciwon haƙarƙari ta duniya, ba tare da mun shirya hakan ba.

Yarinya ce 'yar wata bakwai. Na ƙirga numfashinta na minti guda cur, 58, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga mai shekarunta 50 ne. Ƙasan ƙirjinta na lotsawa duk sanda ta ja iska. Uwar ta ce, "Tun shekaranjiya haƙarƙari take ja, ko nono ba ta iya kamawa." Sai da likita ya gama duba ta aka sa mata iska, sannan Sista ta karanta wa uwar takardar amincewa da Hausa.

Malama da kanta ta ɗauki wannan, ina kallo. Ta sa uwar ta rungume yarinyar a cinya, hannu ɗaya a goshi. Ta auna tsinken daga hanci zuwa kunne, ta riƙe shi daidai rabin tsawon. Ba sama ta nufa da shi ba, ta miƙar da shi ne a kwance ta ƙasan hanci har ya tsaya da kansa, ta juya shi a hankali, ta ɗan dakata, ta zaro. Yarinyar ta tsala kuka, kafin a rufe kwalbar har ta yi shiru. Malama ba ta bar wurin ba sai da ta ce wa uwar, "Sannu Maman Baby, Allah ya ba ta lafiya, mun gode."

A hanyar komawa ta ce mini, "Idan ka ga tsinke ya tsaya tun bai yi nisa ba, kada ka tura. Fito da shi ka gwada ɗaya hancin. Samfuri ba ya kai jinin yaro daraja." Daga nan ta buɗe wani sabon tsinke, ta kaɗa shi a iskar ɗakin, ta jefa a STGG ta rufe. Wannan shi ne fanko, kwalbar da ba ta taɓa yaro ba domin a gane abin da ya shigo daga waje, kuma za a riƙa yin sa duk ranar da aka fita.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Samfuri 6 zuwa yau. Iyaye mata uku sun ce sai sun tambayi maigida. Mun tanadi katin waya na ₦5,000 domin su kira a nan take.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Zaman yau ya kai awa biyu, kuma ya canza takardar tambayoyinmu.

Mafi yawan marasa lafiyar da muka gani sai da aka biya da su kemis kafin asibiti. In ka tambayi uwa ko an ba yaro magani, sai ta ce a'a, domin a wurinta maganin asibiti ake nufi. In ka ce, "Ba a sayo masa ko na ruwa a kemis ba?" sai ta zaro kwalbar amoksisilin daga jaka, an sha rabi. Na kawo wa Malama wannan a matsayin ƙaramar matsala. Ta ajiye biro ta ce, "Wannan ita ce babbar matsalar aikinka. A ce ka samu Dolosigranulum ya yi ƙaranci a marasa lafiya. Ciwon ne ya kore shi, rashinsa ne ya kawo ciwon, ko maganin kemis ne ya kashe shi? Wanne za ka rubuta?" Na ce ban da amsa. Ta ce ita ma ba ta da ita, kuma irin wannan bincike na ɗauka sau ɗaya ba zai iya rarrabe na farko da na biyu ba. Na ukun ne kawai muke da ikon aunawa.

Na so mu cire duk yaron da ya sha magani. Ta ƙi, kuma na ga gaskiyarta: in muka yi haka za mu rage da 'yan tsirarun da ba su wakiltar yaran da ke zuwa asibiti a garin nan. Za mu riƙe su, mu rubuta sunan maganin da kwanakin da aka sha, mu ɗauki hoton kwalbar. Sista ta ba da shawarar allo mai hotunan magungunan da aka fi saya, uwa ta nuna da yatsa.

Mun ƙara tambayoyi: da me ake girki, itace ko gawayi ko gas, kuma ina yaron yake lokacin girkin, mutum nawa ke kwana a ɗakin, nono zalla ko da ruwa, an cire masa beli ko ba a cire ba. Ta ƙarshen Baba ne ya kawo ta. Ya ce tunda wanzami na taɓa maƙogwaron jariri tun yana ɗan kwanaki, bai kamata mu yi kamar ba mu sani ba. Gyaran sai ya koma wa kwamitin ɗa'a.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Kwamiti ya amince da gyaran. Marasa lafiya 14, masu lafiya 19. Kuɗin mota ga iyaye ₦2,000 kowace.

Alhamis, 5 ga Disamba

Yau na fara gane Streptococcus pneumoniae da idona ba tare da an nuna mini ba. Farantin jinin tunkiya ne mai maganin jentamaisin da ke hana wasu bakteriya tsirowa, ya kwana a tulun kyandir. Baba ne ya koya mini wannan dabara: a jera farantai a babbar kwalba, a kunna kyandir a ciki a rufe, in ya mutu da kansa iskar ta yi daidai da abin da ƙwayar ke so. Da na ɗaga farantin wajen taga sai ga su ƙanana, masu sheƙi, kowace da da'ira mai launin kore-kore a gefenta, tsakiyarta ta ɗan lotsa. Na shafa a sabon faranti na ɗora ƙwayar oftocin, sinadarin da ake tantance ta da shi. In faɗin wurin da ta hana tsiro ya kai milimita 14, ita ce.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne farantin na yaro mai lafiya ne, wanda katinsa ya nuna ya karɓi allurar PCV10, rigakafin wannan ƙwayar, duka uku, ta sati 6 da 10 da 14. Tun Disambar 2014 Najeriya ta fara wannan rigakafi, amma nau'i goma yake karewa cikin fiye da 90, kuma sauran kan maye gurbin waɗanda aka kora.

Laraba, 11 ga Disamba

Hazo ya sauka sosai, ɗakin yara ya cika. A zaman karatun mako na gabatar da binciken da aka buga a 2017 daga bayanan Nijar, wanda ya danganta ƙura da zafi da ƙaruwar sanƙarau, ya kuma nuna a jikin ɓeraye cewa shaƙar ƙura na taimaka wa Streptococcus pneumoniae ta bar hanci ta shiga jiki. Malama ta tsayar da ni a hoto na biyu ta ce in faɗi abin da hoton bai nuna ba. Haka take yi wa kowa, har ɗaliban digiri na uku.

Talata, 17 ga Disamba

Mummunan dare. An ɗauke wuta tun yammacin jiya, janareton sashe ya yi ta aiki har man ya ƙare wajen ƙarfe ɗaya. Mai gadi ne ya ji ƙarar firiza ya kira Baba, Baba ya kira ni bayan asuba. Da na iso allon firizar na nuna digiri 41 ƙasa da sifili, ita da ya kamata ta zauna a 80. Duk abin da muka tara tun Nuwamba yana ciki, samfuri 61. Gabana ya faɗi, na miƙa hannu zan buɗe in duba, Baba ya riƙe ni. "Kada ka buɗe, ɗana. Sanyin da ya rage shi ne jarinmu."

Na kira Malama. Tambayarta ta farko ita ce ko an buɗe ƙofar, ta biyu ko na rubuta lokaci da ma'aunin. Ta turo ₦72,500 daga aljihunta, na hau babur na sayo dizal lita 50. Kafin azahar firizar ta fara sauka, da magariba ta koma daidai.

Da yamma muka zauna. Ni a raina aikin wata ɗaya da rabi ya tafi. Ita kuwa ta rarraba matsalar gida biyu. DNA ba ya lalacewa a wannan sanyin matuƙar kwalaben ba su narke ba, kuma da muka duba daga baya ba wadda ta nuna alamar narkewa. Abin tsoro shi ne rayuwar bakteriyar, ko za su sake tsirowa in an shuka. To wannan ana iya gwadawa: za mu zaɓi kwalabe goma da muka riga muka san sakamakonsu, mu sake shukawa mu kwatanta. Ta ce a sa wa duka 61 ɗin alama a rumbun bayanai, kuma abin da ya faru zai shiga rubutun ƙarshe. Na tambaya ko lallai ne a faɗa, tunda ba su narke ba. Ta ce, "Mai karatu ne zai yanke hukunci ko ya dame shi, ba kai ba."

Daga yau kowane samfuri za a raba shi biyu tun ranar ɗauka, rabi a nan, rabi a firizar wani sashe mai sola. Ta je da kanta ta roƙi shiryayye ɗaya a can. Akwai takaici a ce makomar binciken yara tana rataye da jarkar dizal, kuma ba mu kaɗai ne a wannan hali ba.

Juma'a, 27 ga Disamba

Tara cikin goman sun sake tsirowa kamar da. Ta goman tun asali tsironta kaɗan ne. Alhamdu lillahi. Malama ta yi tafiya, ba zama sai sabuwar shekara.

Alhamis, 9 ga Janairu 2025

Kayan ciro DNA sun iso, kwali biyu masu ɗaukar samfuri 50 kowanne, ₦1,540,000 har da kuɗin kawowa. Kafin in taɓa su Malama ta ba ni wata takarda ta 2014 ta Susannah Salter da abokan aikinta, ta ce in karanta mu tattauna.

Takardar ta girgiza ni. Sun nuna cewa su kansu kayan ciro DNA da ruwan gwaji suna zuwa da ɓurɓushin DNA na bakteriyar ƙasa da ta ruwa, irin su Ralstonia da Bradyrhizobium. A samfurin bayan gida, inda bakteriya ke da ɗimbin yawa, wannan ba ya tasiri. A samfurin hanci kuwa, inda suke kaɗan, yana iya rinjayar sakamakon. Sun kawo misalin samfurin hancin jarirai daga wani sansanin 'yan gudun hijira a iyakar Tailan da Bama, inda aka ga kamar mazauna hancin na canzawa da shekarun yaro, ashe bambancin daga kwalayen da aka yi aiki da su ne. Malama ta ce, "Ɗan gishirin da ba a jin sa a tukunyar miya, in ya faɗa cokalin ruwa shi kaɗai za a ji."

Saboda haka ba za a ciro marasa lafiya a rana ɗaya, masu lafiya a wata ba. Kwamfuta za ta cakuɗa lambobin, kowane zagaye ya ƙunshi ɓangarorin biyu, da fankon STGG, da fankon ruwa, da samfurin gwaji wanda aka san bakteriyar da ke cikinsa. Kuma ba zan san wace kwalba ce ta wa ba. Wata ɗalibar aji huɗu da Malama ta haɗa ni da ita ce za ta riƙe makullin lambobin. Ta ce in koya mata duk abin da aka koya mini, kuma sunanta zai shiga takarda in ta yi aikin da ya kai.

Alhamis, 16 ga Janairu

Zagayen farko na PCR, dabarar ninka DNA, a kan yankin V4 na 16S, guntun DNA da ake gane nau'in bakteriya da shi. Da na kunna fitilar sai ga layukan DNA a inda ake sa ransu, tsawon kusan harufa 290, masu kyau. Amma a ramin fankon ruwa ma akwai layi, siriri amma ba ya ɓuya. Na fankon STGG ya fi shi kauri.

Na STGG bai ba mu mamaki ba, tunda da madara aka haɗa shi, kuma dafawa na kashe bakteriya ne ba ta share DNA ɗinsu. Na ruwan ne ya hana ni barci. Na kai wa Malama hoton ina jiran ta faɗa mini inda matsalar take. Ta duba ta ce, "Me da me ya shiga wannan kwalbar?" Na lissafa: ruwa, sinadaran kwali, firaima (guntayen DNA da ke fara ninkawa), hoda mai haɗa PCR, bakin faifet (abin ɗiban ruwa), da iskar ɗaki. Ta ce, "To canza ɗaya-ɗaya, ka dawo mini ranar Alhamis." Raina bai so ba, domin na tabbata tana da hasashe, kuma kowane gwaji kuɗi ne. Baba ya ce haka ta yi wa duk wanda ya wuce ta hannunta, kuma ita ma haka aka yi mata.

Ni da ɗalibar muka tsara teburin gwaji. Muka wanke teburin aiki da faifet da ruwan bilic, muka ware ɗakin haɗa PCR daga ɗakin da ake buɗe abin da aka riga aka ninka.

Alhamis, 23 ga Janairu

Ruwan ne. Babbar kwalba ce da mutane da yawa ke ɗiba daga ciki. Da muka buɗe sabuwa muka rarraba ta a ƙananan kwalabe na amfani sau ɗaya, layin fankon PCR ya ɓace. Na fankon ciro DNA ya rage ɗan dishi-dishi, wannan daga kwalin yake kuma ba mu da yadda za mu yi da shi sai dai mu karanta shi tare da sauran mu san ko su waye. Sabon ruwa ₦46,000.

Litinin, 27 ga Janairu

An aika samfuri 24 da fanko 6 da samfurin gwaji 2 domin karatun gwaji a MiSeq, na'urar karanta jerin DNA. Marasa lafiya 58, masu lafiya 66.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Sakamako ya dawo ranar Litinin, na kwana uku ina fama da manhajar tantance bayanai ta DADA2 a kwamfutar da ke ɗaukar zafi. Samfurin gwajin ya fito da dukkan bakteriyar da aka ce suna ciki, har da masu taurin ɓawo, alamar cewa girgizawa da ƙananan duwatsun gilashi ta fasa su yadda ya kamata. Fankon kuwa ga Ralstonia nan da 'yan uwanta, kamar yadda takardar 2014 ta faɗa. Samfuri uku na yara masu ƙarancin DNA sun fi kama da fankon fiye da sauran yara. Ba don fankon ba, da sai a ɗauka wani sabon rukuni ne aka gano a hancin yaran Kano.

Bayan tacewa da decontam, manhajar da ke cire ɓurɓushin da aka gani a fanko, ɗalibar ta buɗe makullin lambobin. A wasu marasa lafiya Haemophilus ko Streptococcus ya mamaye kusan komai, a wasu masu lafiya kuma ga Corynebacterium da Dolosigranulum tare. Moraxella na ko'ina. Na ji daɗi ƙwarai, domin akwai dalilin da ke bayan wannan: an nuna a ɗakin gwaji cewa Corynebacterium accolens na farfasa maiƙon fata ta fitar da sinadaran da ke hana Streptococcus pneumoniae tsiro.

Malama ta bar ni na gama murnata, sannan ta ce in jera yaran bisa wanda ya sha maganin kemis da wanda bai sha ba. Hoton ya rikice. Da yara 24 ba abin da za a iya cewa, kuma ta hana a nuna shi a taron sashe a matsayin sakamako, sai dai a matsayin shaidar cewa hanyar aikin na tafiya. Ta kuma tuna mini cewa 16S ba ya bambanta Streptococcus pneumoniae da danginta marasa cutarwa, sai an yi gwajin lytA, wanda ke neman ita takamaimai. Kuma ba ya ganin bairos sam, alhali binciken PERCH da aka buga a 2019 daga ƙasashe bakwai, ciki har da Mali da Gambiya, ya samu RSV, wata bairos ta numfashi, ce ke haddasa kusan kashi 31 cikin 100 na ciwon haƙarƙari mai tsanani a yaran da aka kwantar.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Marasa lafiya 71, masu lafiya 78. Hazo na ja da baya, kuma muna son kammala ɗauka kafin azumi ya kama a farkon Maris, domin lokutan asibitin rigakafi za su canza.

Kuɗin da ya rage ba zai ɗauki karatun duka samfuran da gwajin RSV tare ba. Malama ta ce in rubuta neman ƙaramin tallafi da sunana, ita ta tsaya a matsayin mai kulawa. Daftarin farko ya dawo da jan biro a kowane shafi, tare da umarnin in rage gabatarwar zuwa rabi in kuma cire duk inda na ce binciken "zai tabbatar".

Aikin mako mai zuwa: auna yawan 16S na kowane samfuri da qPCR, wato PCR mai ƙirga yawa, domin sanya iyakar da za a cire masu ƙarancin DNA, kuma za a rubuta iyakar a littafi kafin a sake buɗe makullin lambobi. Ɗalibar za ta yi zagayen ciro DNA na gaba ita kaɗai, ina gefe. Sai harawar tunkiya, ₦12,000, da daftari na biyu ranar Litinin.